Ƙyallen Luang Ta

Umarnin da ya zo mana daga lardi mai daɗin ji ne. Wai kowane ma'aikaci yana iya sa kayan aikin da suka dace da yadda yake rayuwa, na maza ko na mata. Sai dai an liƙa masa wutsiya: in shugaban wurin ya ga babu matsala. Duk wanda ya daɗe a aikin gwamnati ya san a irin wannan wutsiyar ake kama mutum.

Ni ce Lamduan, shugabar sashen rajista a ofishin gundumarmu, kuma ritaya ta kusa, don haka bakina ya daina jin tsoron kowa. A ƙarƙashina Anchan take aiki. An haife ta namiji, ta tashi mace, kuma babu wanda bai san haka ba a garinmu, daga mai gasa kaza a bakin kasuwa har direban motar asibiti. Tun da ta fara aiki take zuwa da wandon kaki irin na maza, gashinta a naɗe a cikin hula, kamar wadda aka aro wa kayan yayanta. Litinin ɗin da ta biyo bayan umarnin sai ga ta da siket, an goge shi tsaf, ta tsaya a layin mata wajen ɗaga tuta. Na matsa mata.

Shugaban gunduma mutum ne da ba ya son a ce shi ya ce. Da aka kai masa maganar sai ya yi murmushi, ya ce Mataimaki Wirot ya duba. Shi kuwa Wirot ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, da fara'a yake yi maka illa. Ranar Laraba ya same mu a ƙarƙashin bishiyar tsamiya muna cin kwaɗon gwanda da shinkafa mai danƙo, ya ja kujera ya zauna ba a gayyace shi ba.

"Yaya Lamduan, barkonon nan naki zai kashe mutum," ya ce, yana kai hannu. "Maganar yaron nan naki ce ta kawo ni."

"Ba ni da yaro a sashena, Yallaɓai. 'Yan mata gare ni, sai tsoho Prayun, shi kuwa ya wuce a kira shi yaro."

Ya yi dariya kamar na ba shi kyauta. "To, Anchan. Ni fa ba ni da matsala da katoi, mazan nan da suka koma mata, ƙanwar matata ma mai yi mata kitso katoi ce. Amma wa ni da zan yanke hukunci a kan abin da ya fi ƙarfina? Jibi za a yi sadakar shekara ta ofis. Luang Ta, babban malamin haikali, zai zo. Na sa Anchan ya miƙa masa tiren farko."

Hannuna ya tsaya a cikin kwandon shinkafa.

"In tsoho ya shimfiɗa ƙyalle, shi ke nan, siket ya zauna, ni da kaina zan gaya wa shugaba babu matsala. In kuwa ya karɓa hannu da hannu, to kin ga ba ni na faɗa ba. Litinin a dawo da wando." Ya lashe yatsansa. "Ko akwai adalcin da ya wuce wannan?"

Malaman haikalin Buda ba sa karɓar abu daga hannun mace. In mace za ta miƙa sadaka, malami yakan fito da ɗan ƙyallensa ruwan ɗorawa ya shimfiɗa a gabansa, yana riƙe da gefe ɗaya, ta ɗora a kai, ya jawo. Namiji kuwa a hannu yake bayarwa. Tun muna yara muke ganin haka, ba mu taɓa ɗaukarsa wani abu ba, sai da Wirot ya mai da shi kotu. Kuma ya san abin da yake yi. Luang Ta, tsohon malamin da duk garin muke kira kakanmu, shi ya riƙe Anchan a haikali lokacin da uwarta ta tafi neman aiki birni. Shi ya aske mata kai da hannunsa, ya naɗa mata mayafin ƙananan malamai, lokacin ana kiranta Piak. Tun da ta dawo daga karatu da dogon gashi ba ta sake tsayawa a gabansa ba. In ta ji ƙararrawar haikali da safe, ƙanwarta take turawa da shinkafar sadakar malamai.

Na sami Anchan a bayan kantar rajista tana jera katin shaida a cikin tire. Na gaya mata komai, ban rage ba.

"Na ji," ta ce. "Tun safe ake ta kallona kamar akuyar da za a yanka."

"Zan sa ki a kicin ranar. In ce ke kaɗai kika iya haɗa miyar kwakwa. Ya nemi wata ta miƙa."

"In na ɓuya a kicin ai ya ci nasara ba tare da ya wahala ba, Yaya."

"To ki yi zazzaɓi. Ni zan rantse na taɓa goshinki."

Ta yi ɗan murmushi, ba ta ɗago ba. "Ki yi zazzaɓi, ki shiga kicin, ki sa hula. Kullum akwai inda za a ajiye ni. Na gaji da a ajiye ni, Yaya."

Raina ya ɓaci, kuma ba da ita nake fushi ba, amma ita ce a gabana. Na ce, "Ke wai kin san tsohon nan kuwa? Mutumin da ya ƙi hawa motar da mace ke tuƙawa, ya taka da ƙafa cikin ruwan sama? Shi za ki je ki gwada?"

"Na fi ki saninsa," ta ce. "Shi ya sa nake jin tsoro."

Na koma kujerata ina huci. Kafin a tashi aiki dabara ta zo mini, na kuwa ji daɗin kaina. A wurinmu mutum biyu kan kama tire ɗaya su miƙa tare don su raba lada. In hannuna yana kan tiren, dole a shimfiɗa ƙyalle, ko wane ne a ɗaya gefen. Wirot ya ce in an shimfiɗa, bai ce don wa ba. Ban gaya wa Anchan ba, don na san halinta.

Ranar Juma'a aka kwashe kujerun babban zaure, aka shimfiɗa tabarmi, takalma suka taru a bakin ƙofa. Malamai tara suka zauna a jere a kan dandamali, Luang Ta a farko, ya ƙanƙance fiye da yadda na san shi, kafaɗarsa ɗaya a waje duk ƙashi. Farin zaren albarka ya bi ta hannuwansu ya zagaye zauren. Zafi ake yi, fankokin sama suna juya iska mai ɗumi, ƙamshin turare da na gasasshen kifi sun cakuɗe.

Komai ya makara. Shugaban gunduma bai iso da wuri ba, ya tsaya buɗe wata gada. Da ya zo aka yi karatu, aka karɓi dokoki biyar na addinin Buda, sannan Wirot ya ɗauki lasifika. Abin haushi, a kan sabon umarnin ya yi jawabi. Ya ce ofishinmu gida ne na kowa, ya ce zamani ya canza, ya ce ko furanni ma ba launi ɗaya ba ne. Ya yi ta zuba, mutane suna leƙen agogon bango, domin kowa ya san malamai ba sa cin komai in rana ta raba tsaka, sai kuma washegari. Tsoho Prayun ya matso kusa da kunnena.

"In bai yi shiru ba, yau yunwa za mu ba su sadaka."

Sai da wani ƙaramin malami ya yi gyaran murya sannan Wirot ya ajiye lasifikar. Ya juyo da fara'arsa. "Anchan, bismillar taka ce. Tiren Luang Ta."

Duk idanu suka koma kanta. Ashe kowa ya sani, har masu shara da 'yan kwana-kwana da suka tsaya a tagogi. Anchan ta ɗauki tiren, babba ne na ƙarfe, da kwanon miyar kwakwa mai tururi, da kifi, da shinkafa, da yankakken mangwaro. Ta tafi a kan gwiwoyinta kamar yadda ake yi, siket ɗin yana hana ta sauri. Na bi bayanta ina jan nawa tsofaffin gwiwoyin. Da ta isa gaban dandamali na matso, na kama gefen tiren da hannu biyu.

"Mu raba ladar, ƙanwata," na faɗa da ƙarfi, don a ji.

Na ga fuskar Wirot ta canza, na ji sanyi a raina. Na ga hannun Luang Ta ya nufi jakarsa, inda ƙyallen yake.

"Yaya," Anchan ta ce a hankali, ba ta kalle ni ba. "Cire hannunki."

"Ke, rufe mini baki. An gama, ga shi yana ɗaukowa."

"Naki zai ɗauko. Don Allah ki cire."

"Anchan, siket ɗinki nake ceto."

"In don ke aka shimfiɗa, gobe ma sai na nemo ki. Jibi kin yi ritaya, wa zan nema?" Ta ƙara riƙe tiren. "Ki bar ni in sani, Yaya."

Na so in mare ta, na so in rungume ta. Na saki tiren, na ja da baya, kuma ban taɓa jin hannuwana sun zama marasa amfani kamar lokacin ba.

Hannun Luang Ta ya tsaya a bakin jaka. Ya ɗago kai, ya ƙanƙance ido yana kallon wadda ta rage a gabansa. Idonsa ya yi rauni, amma ba har ya kasa gane ta ba.

"Piak ne?"

"Ni ce, Luang Ta. Anchan ake kirana yanzu."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya zare hannunsa daga jakar, babu komai a ciki, ya miƙo tafukansa biyu.

Wani ya ja numfashi a bayana. Na ji Wirot ya yi ɗan tari irin na wanda ya ƙoshi. Zuciyata ta faɗi, na ce shi ke nan, an gama da yarinyar nan a gaban duk garin.

Anchan ba ta miƙa ba. Ta riƙe tiren daidai ƙirjinta, kanta a sunkuye, ta tsaya cak. Ba ta matsa gaba ba, ba ta ajiye ba.

"Miƙa mana," Wirot ya ce daga gefe, har yanzu da murmushi. "Tsoho yana jira."

Ba ta motsa ba. Tafukan Luang Ta suna nan a buɗe, suna ɗan karkarwa irin ta tsufa. Sauran malamai takwas sun sunkuyar da kai, masu riƙe da tirensu sun daskare a kan gwiwa, domin ba a miƙa wa kowa kafin babba. Gumi ya gangaro ta bayan wuyan Anchan ya jiƙa kwalar kakinta. Tiren ya fara rawa, miya ta ɗan zuba a gefen kwano.

Luang Ta ya juya kai kaɗan ya ce wa malaman, "Ku karɓa ku ci, lokaci na tafiya." Aka miƙa musu da sauri, ƙarar cokula ta tashi, amma babu idon da ya bar gaban dandamalin.

"Anchan!" Murmushin Wirot ya tafi. "Rashin kunyar ta isa. Malami ya miƙo hannu kana wulaƙanta shi? Ka san zunubin da kake ɗauka?"

"Yallaɓai," na ce, "kai ka ce ba kai za ka yanke ba. To ka yi shiru a yanke."

Shugaban gunduma ya duƙufa yana gyara zaman agogon hannunsa, kamar ba a zauren yake ba.

Tsohon ya yi magana, ƙasa-ƙasa, sai mu na kusa muka ji. "Da hannun nan na aske kanka. Ka yi ta kuka saboda gashi, na ba ka rake ka yi shiru. Ni na koya maka karatu. Yaya zan yi in ce ban san wanda na aske ba?"

"Ban ce ka manta ba, Luang Ta." Hawaye ya sauko mata, ba ta da hannun sharewa. "Kai ka koya mini kada in yi ƙarya, ko da wasa. In na sa tiren nan a hannunka, na yi maka ƙarya. Kuma na taɓa malami, abin da mace ba ta yi. Ba zan iya yi maka haka ba."

"Ni kuma in na shimfiɗa, me zan ce na yi?"

"Ban sani ba, Luang Ta."

Suka tsaya a haka. Ba na jin sun daɗe sosai, amma ni na ji kamar an tsayar da ranar. Hannuwanta suka kai iyaka, na ga jijiyoyin sun miƙe. A hankali ta sauke tiren ta ajiye a kan tabarma, a ƙasan dandamali. Abincin da ba a miƙa ba malami ba ya taɓa shi, kowa ya san haka. Ta haɗa tafukanta, ta kai goshi ƙasa sau uku, ta ja da baya a kan gwiwa har ta fita daga gabansa. Sannan ta miƙe, ta bi ta tsakiyar mutane ta nufi ƙofa, bayanta a miƙe, suna janye ƙafafu suna ba ta hanya.

"To, kun dai gani," Wirot ya ce, yana buɗe hannu. "Prayun, zo ka miƙa wa Luang Ta, kada lokaci ya ƙure."

Prayun ya taso yana ɗingishi, ya kai hannu zai ɗauki tiren. Luang Ta ya ɗaga yatsa ɗaya, Prayun ya tsaya.

Tsohon bai kalli kowa ba. Bayan Anchan yake kallo, tana can bakin ƙofa ta duƙa tana neman takalminta a cikin tarin takalma, ta kasa ware nata. Ya sauke tafukansa a kan cinya. Ya dube su kamar ba nasa ba. Sannan ya sa hannu a jaka, ya fito da ƙyallen, tsoho ne, ya koɗe, gefensa ya zare. Ya warware shi, ya shimfiɗa a gabansa, ya lallaɓa shi da tafin hannu har ya kwanta, ya riƙe gefe ɗaya. Babu kowa a gabansa.

Ban san lokacin da na yi ihu ba, ni da nake hana yara ɗaga murya a gaban malamai.

"Anchan! Ke Anchan! Juyo!"

Ta juyo da takalmi ɗaya a hannu. Ta gani. Takalmin ya faɗi. Na zaci da gudu za ta taho, ina ta yi mata alama da hannu ina nuna agogo, amma ina, a gaban malamai ba a gudu. Tun daga bakin ƙofa ta durƙusa, ta taho a kan gwiwa, duk tsawon zauren, siket yana harɗe ta. Na ji wata daga cikin masu shara tana cewa, "Yi sauri, 'yar nan, yi sauri," wasu suka kama. Allurar agogo ta kusa haɗewa da 'yar uwarta. Ƙaramin malamin da ke kusa da Luang Ta ya raɗa masa wani abu, tsohon bai ko juya ba.

Ta iso tana haki. Ta ɗaga tiren da hannu biyu, ta ɗora a kan ƙyallen. Luang Ta ya jawo shi a hankali zuwa gabansa.

Shugaban gunduma ya ɗago kai a karon farko, ya dubi zauren, ya ga inda fuskoki suka karkata, ya gyaɗa kai kamar dama ra'ayinsa ke nan.

Luang Ta ya ɗauki cokali, ya ɗebo shinkafa, ya tsoma a miya. Bai kai baki ba jiniyar tsakar rana ta ofis ta ɗauka. Sauran malamai suka rufe kwanukansu. Tsohon ya dubi cokalin, ya mayar da shi cikin kwano, ya naɗe hannuwansa.

"Luang Ta, ka ci mana," na ce, na manta da wa nake magana. "Loma ɗaya. Ga maganinka na sukari, ba a sha da yunwa. Babu wanda ya gani."

"Ni na gani, Lamduan."

Anchan ta kife fuska a tabarma, kafaɗunta suna girgiza. "Ni na jawo. Ka yafe mini, Luang Ta, na hana ka abinci."

"Ɗago," ya ce. Ta ɗago. Ya daɗe yana kallon fuskar, da hodar da hawaye ya ɓata, da gashin da ya kwance. "Ni na bar ki a durƙushe da kaya a hannu. Cikina ma ya jira zuwa gobe, ba zai mutu ba." Ya juya ga malaman. "A yi musu addu'a."

Suka fara karatun albarka, muryarsa a gaba, siririya, tana yankewa. Mutane suka haɗa tafuka. Anchan tana nan inda take, a sahun farko, tana kuka ba sauti, ni kuma ina bayanta ina share nawa da gefen riga. Da aka gama, malamai biyu suka kama shi ya miƙe, ƙafafunsa suna rawa, suka fita da shi cikin rana.

Ni na ɗauke tiren. Nauyinsa yana nan yadda ta kawo shi, shinkafar da ya ɗebo tana cikin cokali.